Yadda ake gane ma'anar kalmar "get" a cikin jimlar Turanci

Ɗaliban da ke shirin jarrabawar WAEC da NECO a nan Bauchi sukan zo mini da kuka iri ɗaya: sun haddace cewa "get" tana nufin "samu", amma sai su yi karo da jimlar da wannan fassara ba ta shige ta ko kusa. Bai kamata wannan ya ba Bahaushe mamaki ba, domin mu ma muna da "ci". Mukan ci tuwo, mu ci jarrabawa, mu ci bashi, wani ya ci amana, wani ya ci sarauta, kuma ba ma ruɗewa, saboda kalmar da ta biyo baya ita ke fayyace nufi. Haka "get" take, kuma a kan wannan aka gina matakan da ke tafe.

Da farko ka san siffofinta. Idan abu ya riga ya wuce, ana cewa "got". Bayan "have" ko "has", mutanen Ingila suna cewa "got", na Amurka kuma sukan ce "gotten". Tun da tsarin Ingila makarantunmu suke bi, ka riƙe "got". Kada kuma ka manta da ninka harafin t a cikin "getting".

Mataki na biyu shi ne ka dubi abin da ya zo bayanta. Idan sunan wani abu ne, galibi ma'anar ita ce samu, karɓa, saya ko ɗaukowa. "I got a letter from Azare" na nufin na sami wasiƙa daga Azare. "She got these onions at Muda Lawal market" kuwa, ta sayo albasar ne a kasuwar Muda Lawal. Malamin da ya ce maka "Get me a chair", kujera yake so ka ɗauko masa.

Mataki na uku shi ya fi buƙatar natsuwa, domin a nan na fi ganin ɗalibai suna tuntuɓe. Idan kalmar da ta biyo baya tana bayyana hali ko yanayi ne, to, "get" tana nuna sauyawa daga wani hali zuwa wani. Ka kwatanta "It is cold" da "It is getting cold". Ta farko tana cewa akwai sanyi, ta biyu kuwa tana cewa sanyi yana shigowa, kamar yadda mukan ji a ƙarshen Nuwamba idan hunturu ya fara kaɗawa. Haka "He got angry" take nufin ya fusata, alhali ɗazu lafiya lau yake. "They got married" sun yi aure ke nan, "I got lost" na ɓata, "She got tired" ta gaji. Ka lura cewa babu "samu" a cikin ko ɗaya daga cikin waɗannan fassarori, kuma duk wanda ya nace sai ya cusa ta, zai fito da Hausar da ba mai jin ta.

Na huɗu, idan wuri ne ya biyo baya, ma'anar ita ce isa. "We got to Gombe before noon" na nufin mun isa Gombe kafin rana ta take. Sai dai ba a sa "to" kafin "home", "here" da "there", don haka "I got home late" ita ce daidai.

Na biyar, ka kula da 'yan ƙananan kalmomin da ke manne mata, waɗanda ba su da wata dabara illa a haddace su tare da ita. "Get up" tashi ne daga barci ko daga zaune, "get over" kuma warkewa daga ciwo ko hucewa daga ɓacin rai. Wajen abin hawa akwai ƙa'ida mai sauƙi: babbar motar bas, jirgi, keke da acaɓa ana cewa "get on" wajen hawa, "get off" wajen sauka, amma ƙaramar mota ko tasi sai a ce "get in" da "get out of".

Akwai kuma wani gini mai amfani ƙwarai a rayuwar yau da kullum, wato sa wani ya yi maka aiki. "I got the tailor to sew my gown" na nufin na sa tela ya ɗinka mini riga. "I got my phone repaired at Wunti" kuwa na nuna an gyara mini wayar ne a Wunti, ba ni na gyara da hannuna ba.

Tarkon da na fi so ka guje wa daga Turancin broka ya fito, inda "I get two brothers" ke nufin ina da 'yan'uwa maza biyu. A tasha wannan magana ta wadatar, amma a takardar jarrabawa kuskure ce da ke zubar da maki. Ka rubuta "I have two brothers" ko "I have got two brothers". Haka nan idan wasiƙar neman aiki kake rubutawa, ya fi kyau ka musanya "get" da "receive", "obtain", "become" ko "arrive", gwargwadon abin da kake nufi, domin sun fi dacewa da rubutun ofis.

Mataki na ƙarshe shi ne gwaji. Ka ware shafi biyar a littafinka, ɗaya don samu, ɗaya don sauyin hali, ɗaya don isa wuri, ɗaya don ƙananan kalmomi, ɗaya don sa aiki. Duk jimlar da ka ji a labaran rediyo ko ka gani a littafin karatu mai ɗauke da "get", ka rubuta ta a shafin da ya dace, ka ja layi a ƙarƙashin kalmar da ta biyo ta, sannan ka fassara ta da Hausar da za ka iya faɗa wa mutanen gidanku su gane.