Inda Ake Kuskure Wajen Ƙarfafa Tsohuwar Takarda da Zaren Tsiro

Duk lokacin da aka jiƙa tsohuwar takarda aka markaɗa, zarenta guntulewa yake yi. Shi ya sa wadda aka sake yi da ita kaɗai take yagewa da an ninke ta. Dogon zaren bawon rama ko jikin ayaba, ko kuma zaren tukar rake, ne ke riƙe ta idan an haɗa su, amma a wurin dahuwa aka fi ɓata aikin.

Sai ka ga an tafasa zaren a ruwa zalla. Ruwa kaɗai ba ya narkar da lignin, wato abin da ke manne zaren tsiro da juna, don haka tsinke-tsinke ne za su fito a jikin takardar, ba ƙarfi ba. A yanka zaren santimita 2 zuwa 3, a jiƙa shi ya kwana, a dafa awa 2 zuwa 3 da sodar wanki (wato sodium carbonate) giram 200 a kowane kilo na busasshen zare. Kanwa ko ruwan toka ma suna yi, sai dai sun fi jan lokaci. Idan zaren ya rabu tsakanin yatsu ba tare da ja ba, ya nuna. Kada a dafa a tukunyar alminiyam, soda na cin ta, kuma a sa safar hannu. Tukar rake a kakkaɓe farin ɓargon cikinta tukuna, ba ya ƙara komai sai rauni.

Bayan an sauke, a yi ta ɗauraya har santsi ya tafi, ruwa ya fita fari.

Sai a daka zaren. Injin markaɗe yanka zare yake yi, tsawon da ake nema kenan ya tafi. Turmi da taɓarya sun fi, domin daka na farfasa zaren ya yi gashi-gashi, ya kama ɗan'uwansa. Kashi 1 na zare cikin kashi 3 na takarda ya isa. In zaren yana dunƙulewa a bahon ruwan da aka dama shi da markaɗaɗɗiyar takardar, a tace yauƙin kuɓewa a zuba kaɗan, zai baje daidai a kan rariyar da ake ɗebo haɗin da ita ya zama takarda.

Wanda zai yi rubutu a kai ya sa ɗan dafaffen sitacin rogo, in ba haka ba tawada za ta bazu. A matse takardar tsakanin ƙyalle da katako, a shanya a inuwa da nauyi a kanta. Rana tsaka tana busar da gefe kafin tsakiya, sai takardar ta kanannaɗe.