Yadda ake hawa Dutsen Takao a jirgin igiya don kallon jajayen ganyen kaka

A wajenmu idan ganye zai faɗi, bushewa yake yi, iskar hunturu ta kwashe shi. A Jafan kuwa sai ya ci ado tukuna: wani ya yi ja wur, wani rawaya, wani ruwan goro, har mutane su niƙi gari su yi tafiya takanas don kallo. Idan karatu ko kasuwanci ya kai ka Tokiyo a watan Nuwamba, wurin da ya fi sauƙin zuwa shi ne Dutsen Takao da ke Hachioji, yamma da birnin. Tsayinsa mita 599 ne kacal, kuma akwai jirgin igiya da zai ɗauke maka fiye da rabin hawan.

Abu na farko, wanda duk sauran suka rataya a kansa, shi ne zaɓen rana. Ganyen Takao yakan nuna sosai daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, amma kowace shekara da nata. Sanyin dare ne ke tayar da launin. Idan ya fara sauka ƙasa da digiri 8 a ma'aunin Salshiyos, sinadarin da ke sa ganye kore sai ya soma lalacewa, rawayar da ke ɓoye ta fito. Jan kuwa bishiyar ce ke haɗa shi daga sukarin da ya taru a ganyen, shi ya sa shekarar da aka samu rana mai haske da dare mai sanyi ta fi ba da ja mai kyau. Launin daga ƙololuwa yake farawa ya gangaro, don haka wanda ya zo da wuri a sama zai samu, wanda ya makara kuma gindin dutsen ne rabonsa. Kamfanonin hasashen yanayi na Jafan suna fitar da hasashen nunar ganye a intanet duk kaka, sai ka duba kafin ka tsayar da rana.

Ka guji Asabar da Lahadi, ka guji 23 ga Nuwamba don ranar hutu ce a ƙasar. Miliyoyin mutane ke hawa dutsen nan duk shekara, kuma a irin waɗannan ranaku layin jirgin kaɗai kan cinye awa guda ko fiye. Talata ko Laraba da sassafe, bayan daren da aka yi ruwa sama ta washe, ita ce ranar da zan zaɓa wa kowa.

Shirin ba shi da yawa. Takalmi mai kama ƙasa, rigar sanyi da za ka iya cirewa idan zufa ta keto, ruwan sha, kuɗi a hannu don ƙananan shaguna, da leda guda. Ledar ta shara ce: ba a ajiye kwandon shara a kan dutsen, abin da ka hau da shi da shi za ka sauko. Ka sa dadduma ƙarama a jaka, domin yinin gajere ne. A ƙarshen Nuwamba azahar tana shiga wajen sha ɗaya da rabi, la'asar jim kaɗan bayan biyu, rana kuma ta faɗi wajen huɗu da rabi.

Daga tashar Shinjuku da ke Tokiyo ka shiga jirgin ƙasa na layin Keio mai zuwa Takaosanguchi. Mai sauri yana kaiwa cikin minti 50 ko kusa da haka, kuɗinsa bai kai yen 500 ba. A nan baƙi ke yin kuskure biyu. Wasu jiragen Keio-Hachioji suke nufa, idan ka samu kanka a ciki sai ka sauka a Kitano ka canja. Sannan akwai tasha mai suna Takao kafin ta ƙarshe. Kada sunan ya ruɗe ka, ka zauna har jirgin ya ƙure layi. Za ka gane tashar da rufinta na katako, aikin mai zanen gine-gine Kengo Kuma na 2015. Da ka fito ka yi dama ka bi ayari, minti biyar ka isa tashar Kiyotaki, inda jirgin igiyar ke tashi.

Kada ka yi gaggawar shigewa. Bishiyoyin momiji da ke kewaye da filin Kiyotaki suna cikin mafi ja a duk dutsen, kuma da yawa sukan wuce su ido na kan layin tikiti. Ganyen ƙanana ne masu yatsu kamar tafin jariri, idan hasken safe ya bi ta bayansu sai ka ga har jijiyoyinsu.

Tikiti iri biyu ne, na zuwa kaɗai da na zuwa da dawowa, na biyun kusan yen 1,000. Katin biyan kuɗin jirgi na Suica ko Pasmo ma yana aiki. Shawarata ka sayi na zuwa kaɗai, dalilin yana tafe. Jirgin yana fara aiki ƙarfe takwas na safe, yana tashi duk bayan minti 15, kuma sukan ƙara sawu idan jama'a ta yi yawa.

Shi wannan jirgin ba irin mai lilo a sama ba ne. A kan dogo yake tafiya, igiyar ƙarfe ce ke jan sa. Taragu biyu ne ɗaure a igiya ɗaya, idan wannan na hawa wancan na sauka, nauyin ɗaya na taimakon ɗaya, su yi kiciɓis a tsakiya inda dogon ya rabu biyu. A 1927 ya fara aiki. Yana ɗaga ka daga mita 201 zuwa mita 472 cikin minti shida, kuma kusa da sama gangaren ya kai digiri 31, babu layin dogon da ya kai shi tsayuwa a Jafan. Ka nemi tagar ƙarshen taragon, ta wajen gangare, ka riƙe ƙarfe da kyau, don a wannan wurin sai ka ji ƙafarka na neman zamewa. Daga nan ne za ka ga dogon yana nutsewa cikin rassa masu ja da rawaya. Akwai kuma kujerar lilo mai cin mutum biyu a gefe, kuɗi ɗaya, minti 12, iska na kaɗa ka. Ba ta da ƙarfen tarewa a gaba, mai jin jiri ko mai ƙaramin yaro ya haƙura da ita.

Tashar sama ba ita ce ƙololuwa ba, saura tafiyar minti 40 a ƙafa kan hanya mai lamba 1, wadda aka shimfiɗe. Gara in faɗa maka tun yanzu: dutsen ba ya rikiɗa ja gaba ɗaya kamar yadda hotuna ke nunawa. Yawancin dajin manyan bishiyoyi ne da ba sa canja launi, jan kuwa tsibi-tsibi yake, kuma duhun koren ne ke sa shi fita. A gaba hanyar ta rabu, hagu matakala 108, dama gangare mai sauƙi, duk wuri ɗaya suke haɗuwa. Daga nan sai Yakuo-in, wurin bautar mabiya Buddha da aka kafa a 744, mai gumakan tengu, wato aljanun dutse na almarar Jafan, masu jar fuska da dogon hanci. Hanyar ta tsakiyarsa ta ratsa, mutane na ibadarsu, sai ka wuce cikin natsuwa. Wanda bai son bi ta ciki ya kama hanya mai lamba 4, ta cikin daji da gadar lilo, ita ma sama take kaiwa.

Batun ci kuwa, taliyar soba da ake zuba wa kirɓaɓɓiyar ɗanyar doya ita ce abincin wurin, sai dai romonta galibi da mirin ake haɗa shi, wanda giyar shinkafa ce ta girki. Ka tambaya, ko ka taho da guzurinka.

A ƙololuwa, idan sama ta yi garau, Dutsen Fuji na can kudu maso yamma da farar ƙanƙara a kansa. Da safe ya fi fitowa, kafin gajimare ya rufe shi. Wurin zai cika maƙil, don haka ka zarce minti goma zuwa Momijidai, inda jama'a ta ragu kuma za ka samu gefen da za ka shimfiɗa dadduma.

Ka juyo kafin ƙarfe uku. Dalilin tikitin zuwa kaɗai ke nan: da yamma duk waɗanda suka hau tun safe suke taruwa a tashar sama lokaci guda, layin saukar ya fi na hawan tsawo. Hanya mai lamba 1 za ta kai ka har ƙasa da ƙafa cikin kamar minti 40 daga tashar, sai dai tana cin gwiwa, ka riƙa gajarta taku. Mai ciwon gwiwa ya sayi na dawowa, ya duba lokacin jirgin ƙarshe tun yana hawa, kujerar lilo kuma tana riga jirgin rufewa. A Takaosanguchi idan ka tarar jirgin Shinjuku ya cika, ka bar shi ya tafi. Daga nan layin ke farawa, na bayansa fanko zai taso, ka samu kujera.