Yadda ake tuƙa babur ɗin ƙanƙara a kwarin gefen titi a Minnesota ba tare da taka doka ba

Duk baƙon da hunturu ya riska a jihar Minnesota ta Amurka, in ya bar Minneapolis ya nufi arewa, zai ga abin da zai ɗaure masa kai. Motoci na tafiya a kan kwalta, can ƙasa kuma a gefen titi ga mutane sanye da hular kwano suna tsala gudu a kan wani abin hawa marar taya. Babur ɗin ƙanƙara ke nan: gabansa ƙafafu biyu dogaye masu sulɓi, bayansa bel ɗin roba mai faɗi irin na katafila. A wannan jiha kamfanin Polaris mai ƙera irin wannan babur ya tashi, a garin Roseau a 1954, haka ma takwaransa Arctic Cat a Thief River Falls, don haka abin ya zame wa mutanen jihar jiki. Ɗalibi ko ma'aikaci da ya yi abokai a karkara, da wuya hunturu biyu su wuce ba a miƙa masa makulli an ce ya gwada ba.

Shin doka ta yarda a bi ta wannan kwari? Ta yarda, amma ba ko'ina a cikinsa ba, kuma ba ta kowace fuska a kowane lokaci ba.

Da farko, ka gane kwarin kansa

Kada ka kawo lambatun siminti na Kano ko Kaduna a ranka. Kwarin gefen titi a can fili ne mai faɗi da ciyawa, an haƙa shi don ruwa ya samu wurin gangarawa, da hunturu kuma dusar ƙanƙara ta cika shi. In ka tsaya a tsakiyar titi ka dubi gefe, ga yadda abin ya jeru: kwalta, sai bakin kwalta inda mota ke rakuɓewa in ta lalace, sai gangaren da ya sauka daga titi, sai gindin kwarin, sai gangaren da ya hau ta wancan ɓangaren ya nufi shingen gona.

A titunan jiha da na gunduma, wurare biyu na ƙarshe kaɗai ne naka, wato gindin kwarin da gangaren waje. Kwalta, bakinta da gangaren da ke manne da titi duk an hana. A nan mutane suka fi faɗawa hannun jami'ai, domin gangaren ciki ya fi daɗin bi, motocin share titi sun tara dusa a kansa. In titin tagwaye ne, filin da ya raba hannu biyu shi ma haramtacce ne. Manyan titunan tarayya kuwa, irin su I-35, I-94 da I-90, ko kusa da su kada ka je, dare ko rana. Wannan duk yana cikin sashe na 84.87 na dokokin jihar.

Ka haɗa takardunka kafin dusa ta sauka

Babur ɗin sai da rajista a hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar, wadda kowa ke kira DNR, kuma rajistar shekara uku take yi. Kai kanka, in mazaunin jihar ne kai kuma an haife ka bayan 31 ga Disamba 1976, dole ka mallaki takardar shaidar horon kiyaye haɗari. Lasisin mota ba ya maye gurbinta. Babba yana iya yin karatun ta intanet. In aron babur aka ba ka, duba sitikar rajista da idonka, kada ka tsaya ga "ai komai lafiya" na mai shi.

Sai ka zagaya injin. Doka na son fitilar gaba, fitilar baya, birki mai ci, da abin ƙyalli a kowane gefe gaban kan babur. Wanda bai kai shekara 18 ba, hular kwano wajibi ce a kansa. Ni dai ban ga dalilin da zai sa ɗan shekara 40 ya bar tasa a gida ba, ko don sanyin da ke iya cinye kunne cikin mintoci.

Ka duba agogo, domin dare na da nasa hukunci

Da rana kana iya bin kwarin ta kowace fuska, ko da kana fuskantar motocin da ke tahowa. Amma daga rabin awa bayan faɗuwar rana har zuwa rabin awa kafin fitowarta, sai ka koma kwarin hannun dama, ka bi fuskar da motocin layin da ke kusa da kai suke bi. Abin da zai canja wannan shi ne in ka ga allon hukuma da ya nuna an ware hanyar don zuwa da dawowa.

Dalilin dokar ya isa a tsaya a kansa. Direban mota a Amurka yana tafiya a hannun dama, ya saba duk fitilar da ke tunkaro shi ta hagunsa take wucewa. To a cikin duhu, dusa na zuba, layin titi ya ɓace, kwatsam ya hango fitila ta damansa tana nufo shi. Abin da zai fara zo masa shi ne ya kauce hanya, sai ya murza sitiyari don ya gyara, ya afka kwari ko ya shiga gaban wata motar. Kai da ke kan babur ba ka taɓa shi ba, amma fitilarka ce sanadi.

Mai kiyaye lokutan salla ya samu sauƙi a nan, tunda jadawalin da ke wayarsa yana ɗauke da magariba da fitowar rana. Ka tuna kuma a watan Disamba rana kan faɗi wajen ƙarfe 4:30 na yamma a yankin Minneapolis. Wato kafin ƙarfe 5 ta gota, dokar dare ta hau kanka. In za ka je wani gari ka dawo, tsara tun a gida inda za ka tsallaka zuwa ɗaya kwarin a hanyar dawowa.

Tsallaka titi

Ka nemi wurin da kake ganin nesa ta kowane ɓangare. Ka tsaya cak kafin bakin kwalta, ba rage gudu ba. Ka bar duk motar da ke tafe ta wuce, sannan ka yanka titin kai tsaye, ba a karkace ba. In titin tagwaye ne, a mahaɗar hanya kaɗai ake tsallakawa. Da dare ko cikin hazo, fitilun gaba da baya su kasance a kunne. Yaron da bai kai 14 ba ba ya tsallaka titin jiha ko na gunduma a kan babur, daga 14 zuwa 17 kuma sai da takardar horo.

In kwarin ya ƙare a bakin rafi, babu wata mafita sai gada, an yarda ka hau ta. Sharaɗin shi ne ka shigo titin a cikin tazarar ƙafa 100 daga gadar, ka manne a can ƙarshen dama, ka wuce ba tare da ɓata lokaci ba.

Gudu da abin da dusa ta rufe

Iyakar gudu a kwari mil 50 ne a awa, kimanin kilomita 80, ko abin da aka rubuta wa titin in bai kai haka ba. Gaskiya wannan ma ya yi yawa ga wanda bai san wurin ba. Jihar na da gyararrun hanyoyin babur kusan mil 22,000, akasari ƙungiyoyin sa kai ne ke share su suna kafa alamu. Kwarin da ba ya cikin waɗannan babu mai duba shi. A ƙarƙashin farar dusar nan akwai bakin kwalbati, akwai tudun da manomi ya cike don taraktarsa ta shiga gona, akwai guntun shinge, ga kuma wayar ƙarfe da ke riƙe falwaya a karkace, wadda da dare ba ka ganinta sai ka zo kanta. Karon farko ka bi bayan ɗan gari, da rana, a hankali.

Batun giya, ko kai ba ka sha, ka lura da wanda za ka hau bayansa ko ka bi sahunsa. Ma'aunin barasa a jini da ke kan direban mota, kashi 0.08 cikin ɗari, shi ke kan mai babur. A watan Janairu 2018 wani mai babur da ya bugu ya kaɗe yaro ɗan shekara 8 a kan tafkin Chisago, yaron ya rasu. A shekarar aka ƙarfafa doka, ta yadda wanda aka kama da laifin a kan babur zai rasa lasisin motarsa, wanda aka kama a mota kuma a hana shi hawa babur.

Ka san inda ikon kwarin ya tsaya

Bayan gangaren waje gonar mutum ce, kuma shiga gona ba izini laifi ne ko babu allon gargaɗi. Dusa ta shafe iyaka, to ka ɗauki layin falwaya ko shinge a matsayin manuniya, kada ka gota su. Ƙananan hanyoyin karkara galibi an yarda a bi su in hukumar yankin ba ta hana ba. Da ka ga allon shiga gari kuma, dokar garin ce ke aiki: wani ya ware tituna, wani ya sa lokaci, wani ya hana gaba ɗaya. Kira ofishin garin ka tambaya, sannan ka karɓi ɗan littafin ƙa'idoji da DNR ke fitarwa duk shekara.

In tafiyar ta kai ka maƙwabciyar jiha Wisconsin, lissafin ya canja. A can da awo ake yi: sai ka bar aƙalla ƙafa 10 tsakaninka da kwalta a titunan jiha da na gunduma, kuma takardar horo tana kan wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 1985.