Yadda ake ƙiyasta kuɗin lalata makaman da soja suka daina aiki da su

Kafin a taɓa lissafin kuɗi, sai an san abin da ke ƙasa. A je ma'ajiya a ƙirga da ido, domin takardar rajista takan sha bamban da abin da ke cikin rumbu. Tankokin yaƙi, jirage da motoci ana ƙirga su ɗaya-ɗaya. Harsasai da bama-bamai kuwa da tan ake lissafinsu, kuma a rubuta nauyi biyu: nauyin kayan duka don kuɗin dako, da nauyin sinadarin fashewa kaɗai, wanda shi ke nuna yawan da za a iya lodawa a mota ɗaya ko a fasa a lokaci guda.

Daga nan a bi kowane makami a fitar da abubuwa masu haɗari da ke jikinsa. Nan ne ƙiyasi ya fi rushewa. Yanka bututun igwa da wutar walda aikin yini ɗaya ne, amma tsohon jirgin ruwa yana iya zuwa da asbesto (wani ma'adini mai hana zafi wucewa, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu) a jikin bututunsa da fenti mai dalma, jirgin saman yaƙi na F-16 kuma yana ɗauke da sinadarin hydrazine mai guba. Kowannensu na buƙatar ma'aikata na musamman, kayan kariya, lasisi da wurin zubarwa, don haka a ba shi layinsa daban a cikin lissafi. A 1985 sojan Amurka sun ƙiyasta dala biliyan 1.7 don lalata makamansu masu guba. Da aka kammala a 2023, kuɗin ya kai wajen biliyan 40.

Sai hanyar lalatawa. Ƙonawa ko fasawa a fili ya fi araha, sai dai a ƙara kuɗin gwajin ƙasa da ruwa da gyaran wurin daga baya. Kwancewa a masana'anta ta fi tsada, amma tana dawo da tagulla da ƙarfe.

Kuɗin jira shi ne wanda aka fi mantawa. Muddin makami na ajiye, ana biyan masu gadi, dubawa da gyaran rumbu. A ninka kuɗin shekara ɗaya da shekarun da za a jira, sannan a ɗora hauhawar farashi. Binciken kuɗi na Birtaniya a 2019 ya gano an kashe kimanin fam miliyan 500 wajen ajiye tsofaffin jiragen ƙarƙashin ruwa na nukiliya guda 20 a tashoshin jiragen ruwa na Devonport da Rosyth, ba tare da an gama wargaza ko ɗaya ba.

Kuɗin sayar da tsohon ƙarfe a ajiye shi gefe, kada a cire shi daga jimla, domin farashinsa hawa da sauka yake yi. A ƙarshe a miƙa adadi uku: mafi ƙanƙanta, wanda aka fi tsammani, da mafi yawa, kuma a ƙara kuɗin ko-ta-kwana gwargwadon tsufan kayan da ƙarancin takardunsu.