Yadda Za Ka Saka Unguwarku a Taswirar OpenStreetMap

Duk wanda ya taɓa yi wa baƙo kwatancen wani lungu a Agege ko Alaba Rago ta waya ya san wahalar: "ka wuce gidan mai, in ka ga mai shayi ka sha kwana." Lungunan nan da yawa ba su kan taswira, kuma kai ma kana iya saka su. OpenStreetMap, taswirar intanet wadda Steve Coast ya kafa a Ingila a 2004, kowa na da damar gyara ta, kyauta.

Da farko ka shiga openstreetmap.org a kwamfuta, ka yi rajista da imel. Ka tanadi linzamin kwamfuta, domin zane da yatsa ɓata rai ne kawai. Nemo unguwarku, ka matso kusa sosai, sannan ka danna Edit. Manhajar da za ta buɗe sunanta iD, tana kuma da ɗan darasin gwaji. Kada ka tsallake shi.

Abu uku ake zanawa: ɗigo, layi da fili. Lamba 1 a madannai ɗigo ce, 2 layi, 3 fili. Shawarata ka fara da ɗigo: masallacin layinku, kemis, rijiyar burtsatse. Ka ajiye ɗigon, ka zaɓi nau'in wurin a hagu, ka rubuta sunan kamar yadda yake a jikin allon wurin. Masallaci yana shiga a matsayin wurin ibada, addini Musulunci.

Gine-gine kuwa sai a hankali. A hoton tauraron ɗan'adam da iD ke nunawa don ka yi zane a kansa, rufin kwanon Legas manne yake da juna, har ka rasa inda gidan wani ya ƙare na maƙwabcinsa ya fara. Wani lokacin ma hoton tsoho ne: filin da kake gani tuni an ɗora masa bene. Danna B ka buɗe jerin hotunan ka sauya, ka kwatanta na kamfanin Bing da na Esri. In ka zana gini ya karkace, Q za ta daidaita kusurwoyinsa.

Kuskuren sabon shiga shi ne ya ja lungu ya bar bakinsa bai haɗu da babban titi ba. A ido lafiya lau, amma manhajar nuna hanya ba za ta taɓa bi da kowa ta nan ba. Ka tabbata ɗigon ƙarshe ya kama titin.

Kada ka kwafi komai daga Google Maps, haƙƙin mallaka ya hana. Sunayen masu gidaje ma ba wurinsu ba ne.

In ka gama, danna Save, ka rubuta gajeren bayani, misali ka ce ka ƙara masallatai biyu a Mile 12. Cikin mintuna kaɗan aikin kan bayyana. Sauran bayanan da sai da ƙafa ake samu, ka cike su da manhajar StreetComplete a wayar Android kana tafe. JOSM, wata manhajar gyaran taswirar wadda ƙwararru ke saukewa a kwamfuta, bar ta sai hannunka ya faɗa.