Darasi na Tara: Fom ɗin Neman Aiki da Bayananka

Kashi na 1: Mene ne bayananka?

'Yan uwa, kowa ya ɗauki fom ɗin da aka raba. Sa yatsa a layin farko, nan ake rubuta suna. Layi na biyu lambar waya, na uku ranar haihuwa, sai adireshin gida. Waɗannan su ne bayananka, kuma suna da kuɗi a kasuwa.

Kullum ana tambayata ko kamfanonin da ke haɗa mutane da aiki suna sayar da su. Kamfanin kirki aikinsa ya kai takardarka wurin mai neman ma'aikaci, kuma a Najeriya sai yana da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Amma akwai masu tara lambobin waya su miƙa wa 'yan talla da masu ba da bashi ta waya. Akwai kuma sanarwar aiki da ke yawo a WhatsApp da Facebook, alhali babu aikin, bayananka kawai ake farauta.

Kashi na 2: Ƙananan rubutun da ke saman wurin sa hannu

Nan ne kowa yake tuntuɓe, don haka a nan za mu daɗe.

Duba ƙasan takardar. Ka ga layin da ake sa hannu? Ɗaga idonka kaɗan. Akwai rubutu ƙanana kamar jerin kiyashi, galibi da Turanci, da ɗan akwati a gefensa. A waya ma haka yake, akwatin ake taɓawa. A cikin wannan rubutu ake cewa ka yarda a ba wasu mutane bayananka.

Ajiye biro. Karanta tukuna. In ba ka iya ba, ba abin kunya ba ne, koyo muka zo yi. Ka ce a karanta maka, kuma mai karantawar ya zama naka, ɗanka ko maƙwabcinka, ba ma'aikacin kamfanin ba. Sai ka tambaya: wa zai ga takardar nan, kuma me zai yi da ita?

Mu sake. Biro a ƙasa, a karanta, ka tambaya, sannan sa hannu. Mai dangwale, kai ma haka: yatsa ba ya taɓa tawada sai an karanta maka. In sun ce sauri suke yi, ka ce, "Ranka ya daɗe, bari in je gida da ita, gobe zan dawo." Wanda ya hana ka tafiya da takarda, ka bar masa abarsa.

Wata baiwar Allah a ajinmu na yamma ta dangwala a wani ofishi don neman aikin shara. Aikin bai zo ba, amma wayarta ba ta huta ba, wannan ya kira da tayin bashi, wancan ya ce ta turo kuɗin rajista. Da ta kawo mini kwafin takardar, ga layin nan a ƙasa, ba wanda ya karanta mata.

Duk da haka, makon jiya da na raba fom na gwaji, fiye da rabin aji kun sa hannu kafin in rufe baki. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Har da iyayenmu da suka fi ni sanin duniya. Ku sake ɗaukar takardar, ku nuna mini ƙananan rubutun da yatsa. Yawwa. Biro a ƙasa, a karanta, ka tambaya, sannan sa hannu.

Kashi na 3: Lambobin da ba a bayarwa

NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, lamba 11 ce, BVN ta banki ma 11. Kada ka rubuta BVN a fom ɗin neman aiki tun ba a ɗauke ka ba. Lambar sirri ta katin ATM da lambar da banki ke turo maka ta saƙo kuwa, ba a faɗa wa kowa, ko an ɗauke ka aikin.

Kashi na 4: Doka

A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Tana ba ka damar neman kamfani ya nuna maka abin da ya ajiye game da kai, ko ya goge shi. Hukumar kare bayanai ta Najeriya, wato NDPC, ce ke karɓar ƙorafi.

Aikin gida: kowa ya zo da fom guda, ya ja layi a ƙarƙashin ƙananan rubutun.