Gano matsalar kuloci bayan an haɗa injin babur mai taya huɗu

Babur mai taya huɗu, irin wanda wasu masu manyan gonaki ke ratsa yashin Daura da Mai'aduwa da shi, ba kasafai ake samun kayan gyaransa a Katsina ba. Sau da yawa sai an aika Kano, wani lokaci ma har Legas. Saboda haka idan makaniki ya kwance injinsa ya mayar, sannan kuloci ya ƙi aiki, bai kamata a fara da neman sababbin faranti ba. Kulocin da yake lafiya kafin a buɗe inji ba ya cinyewa yana ajiye a cikin tire, don haka galibi laifin yana ga haɗi ko saiti, kuma daga waje ake fara bincike kafin a sake zubar da mai.

Da farko a tantance irin ciwon. Idan aka ba da wuta inji ya yi ta kuka amma babur ba ya ja, kuloci yana zamewa ne. Idan kuma an matse hannun kuloci amma giya ta ƙi shiga, ko ta shiga da ƙara babur ya zabura ya mutu, to kuloci ba ya saki. Akwai kuma hannun da ya saki gaba ɗaya, ana matsawa ba a jin nauyin komai, wanda yake nuna cewa wani ƙarfe bai zauna a mazauninsa ba.

A duba wayar kuloci. Dole ne hannun kuloci ya kasance da ɗan wasa kafin ya fara ja, kuma a yawancin injinan Honda wasan yana tsakanin milimita 10 zuwa 20 a ƙarshen hannun. Idan babu wasa, farantan ba za su haɗu sosai ba, sai su riƙa zamewa har su ƙone; idan wasan ya yi yawa, ba za su rabu ba. A tabbatar wayar ta bi tsohuwar hanyarta, domin wadda tanki ya danne ko aka lanƙwasa kusa da salansa tana yin tauri.

Sai batun baƙin mai, wanda a ganina ya fi kowane abu yaudarar masu gyara. Kulocin waɗannan injina a cikin mai yake wanka, kuma wasu mayukan mota suna ɗauke da sinadaran rage gogayya da ke sa faranti santsi. A nemi galan mai ɗauke da alamar JASO MA ko MA2, wadda ke nuna cewa man ya dace da kulocin da ke wanka a cikin mai. Mai da ya wuce ma'auni, ko mai kauri ƙwarai da sanyin safiyar hunturu, yana sa kuloci ya ƙi saki har sai inji ya ɗumama.

Idan duk wannan bai warware ba, a zubar da mai a buɗe murfin gefe, a wurin da iska ba ta kwaso ƙura. A nan ne ya kamata a natsu. A cire sifirin da farantin matsi, a zare farantan ɗaya bayan ɗaya ana jera su yadda suka fito. Ƙa'idar ita ce mai fata, sai na ƙarfe, sai mai fata, kuma a mafi yawan injina da mai fata ake farawa da shi ake rufewa. Na ƙarfe biyu da suka manne da juna saboda mai suna iya shigewa a matsayin ɗaya, don haka a ƙirga. A ɗora kowane na ƙarfe a kan gilashi a ga ko ya karkace, a kuma jiƙa sababbin masu fata a cikin mai na wasu sa'o'i kafin a saka su.

Bayan an kwashe farantan, a sa giya a firi a juya cibiyar kuloci da hannu. Ya kamata ta juya ita kaɗai, kwandon da ke kewaye da ita yana tsaye. Idan suka juya tare, ko cibiyar ta cije bayan an ɗaure babban noti, kusan tabbas an manta da wosha mai kauri da ke zama tsakanin kwando da cibiya, ko an sa ta a bayan kwando. Wannan kuskure babu saitin waya da zai gyara shi. A injinan Yamaha irin su Blaster da Banshee akwai ƙaramin ƙwallon ƙarfe tsakanin sandunan da ke tura farantin matsi, bai fi ƙwayar wake ba, kuma yakan gangaro ƙasa lokacin da aka kwantar da inji ba tare da kowa ya lura ba. Rashinsa ne ke sa hannu ya saki. A waɗannan injina akwai kuma alama a jikin farantin matsi da dole ta yi daidai da ta cibiya, in ba haka ba farantin zai hau kan haƙora ya ƙi danna sauran. A ɗaure kusoshin sifirin kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi, ba da ƙarfin tsiya ba, domin mazauninsu na alminiyam ne kuma yana karyewa.

Injinan da ba su da hannun kuloci, kamar Honda Rancher mai giyar ƙafa da ƙananan na Sin masu inji irin na roba-roba, suna da kusar saiti a jikin murfi. A sassauta notin da ke riƙe da ita, a juya ta hagu a hankali har a ji ta fara tauri, sannan a dawo da ita dama kwatar zagaye a Rancher, ko rabin haka a ƙananan, a riƙe ta a ɗaure notin. Idan babur yana tafiya da kansa da zarar an sa giya, a fara rage sulo, domin kulocin da ke kan kiranshaf da gudun inji yake kamawa. Idan kuma inji ya daina riƙe babur a gangara, a Rancher mai yiwuwa an saka boris mai tafiya gefe guda da ke cikin wannan kuloci a juye.

Kafin a maƙala murfi da sabon gasket, a ɗora shi da kusa biyu a matsa hannu a ji ko nauyi ya dawo. Bayan an zuba mai, a ɗaga tayoyin baya a tokare na gaba idan na baya ne kaɗai ke ja, a tayar da inji a bi giya ɗaya bayan ɗaya. Gwajin ƙarshe a yi shi a ƙasa mai tauri tukuna, sai inji ya yi zafi a sake duba wasan waya, sannan a shiga yashi da kaya.